Shin koken jama'a na iya kai ga dokar kare gaɓar teku?

Malam, ka tambaya ko mutanen gari suna iya sa majalisar dokokin jiha ta kafa dokar kare teku. Suna iyawa, amma sai da juriya.

Dubi Kalifoniya a Amurka. Bayan malalar ɗanyen mai a gaɓar Santa Barbara a 1969, ƙudurorin kare gaɓar teku sun yi ta faɗuwa a majalisa, sai masu fafutuka suka tattara sa hannun jama'a har aka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a 1972, wadda ta kafa hukumar kula da gaɓar. Majalisar ta tabbatar da hukumar da doka a 1976.

A ganina, ku fi mai da hankali kan kwamitin da ƙudurin zai bi, domin a can ake binne shi ba tare da kowa ya ji ba. Ku kai masunci daga mazaɓar shugaban kwamitin zaman sauraron ra'ayi, ya nuna hoton komarsa cike da leda, ya faɗi asararsa da bakinsa. Sannan ku tantance iyakar ikon jiha kafin rubuta buƙata, domin a yawancin jihohin Amurka ikon ya tsaya ne a mil 3 daga gaɓa.