Amsa ga Malam kan kuɗin da ake biyan manoma don su sarara wa filin ciyawa

Salamu alaikum jama'a, a yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Malam, na ji tambayarka, wai idan gwamnati ta biya manomi kuɗi don ya sarara wa filin ciyawarsa, amfanin nasa ƙaruwa yake yi ko raguwa. To, a wannan filin dai raguwa yake yi, kuma da saninsu aka tsara haka.

Ɗauki Suwizalan, ƙasar shanu da madara. Tun 1993 suke irin wannan biyan. Kafin ka samu tallafin gwamnati, sai ka ware aƙalla kashi 7 cikin 100 na gonarka saboda furanni da ƙwari da tsuntsaye. Filin ciyawar da ka ware, ba taki, ko na shanu, kuma in a kwari kake ba za ka yanka ba sai 15 ga watan Yuni. Na can saman duwatsu ma sai Yuli. Dalili, a bar furanni su zubar da iri, tsuntsun da ya yi sheƙa a ƙasa ya ƙyanƙyashe.

To Malam, kai ma ka san ciyawa. Wadda aka yanka tana ɗanya shar, da wadda ta tsufa ta yi kai ta fara zama kara, ai ba ɗaya ba ne. Ka zuba wa saniya ta biyun, za ta shinshina, ta tsinci ganyen, ta bar maka sauran. Saniyar tatsa kuwa in ba ta ci mai kyau ba, a ƙwarya za ka gani. Ga yawan ya ragu don ba taki, ga maiƙon ya ragu don an yi jinkiri. Wannan giɓin shi kuɗin ya zo cikewa, diyya ce, ba jari ba.

Amma fa manoman ba su da wauta. Galibi gangaren da tarakta ke shan wahala, ko filin da dama bai cika bayarwa ba, shi suke warewa. Ciyawar da ta fito daga nan su ba karsana da shanun da ba a tatsa, mai kyaun su bar wa masu nono. Shi ya sa in ka duba gonar gaba ɗaya, asarar ba ta kai yadda ake tsoro ba. Wanda abin ke cizo shi ne mai ƙaramin fili da duka mai kyau ne, ba shi da gangaren da zai sadaukar.

Na iso inda zan sauka, sai anjima.