Me ya sa doka ɗaya take da fuska biyu a talabijin?

Tambaya: Malam, ina bin labaran Amurka. Duk lokacin da majalisarsu ke taƙaddama kan wata doka, sai in ji wannan tasha ta ce bala'i ce, waccan ta ce rahama ce. Shin babu hukumar da ke tsawatar musu ne?

Amsa: A da akwai takunkumi. Tun 1949 hukumar sadarwar Amurka, FCC, ta wajabta wa gidajen rediyo da talabijin su jiyo ta bakin kowane ɓangare a batun da ake jayayya a kai. A 1987 majalisa ta so mayar da ƙa'idar doka, Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi, hukumar kuma ta soke ta a shekarar. Ko da tana nan ma, ba ta shafi tashoshin kebul ba, wato waɗanda ake biyan kuɗi a kalla ta waya, irin su Fox News da MSNBC da aka buɗe a 1996.

Dubi dokar inshorar lafiya ta Obama. A watan Maris na 2010 ta tsallake majalisar wakilai da ƙuri'u 219 da 212, babu ɗan jam'iyyar adawa ta Republican ko ɗaya da ya goyi bayanta. Doka ce mai ɗaruruwan shafuka, wa zai karanta wa mai kallo ita a minti uku? Sai kowace tasha ta tsinci sakin layin da zai faranta wa mutanenta. Nan a zaunar da uwa tana share hawaye, ɗanta mai ciwo ya samu inshora. Can a nuno mai ƙaramin kamfani ya baje takardu a tebur yana lissafin ƙarin kuɗin da zai hau kansa. Dukansu biyun da gaske suke, amma kowanne rabin labarin ne, kuma wannan ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa.

Ƙaryar ma an yi ta. A 2009 Sarah Palin, tsohuwar gwamnar jihar Alaska kuma 'yar Republican, ta rubuta a Facebook cewa dokar za ta kafa kwamitin da zai yanke wanda ya cancanci magani, alhali babu haka a ciki, aka yi ta yayata maganar. Obama shi ma ya yi alƙawarin duk mai son inshorarsa zai ci gaba da riƙe ta, a 2013 kuwa takardun soke inshora suka riƙa isa gidajen jama'a.

A ganina tushen abin kuɗi ne. Tasha na ci daga talla da kuɗin kebul, mai kallon da ransa ya ɓaci kuwa shi ne ke dawowa gobe. Abin yana damuna ƙwarai, domin wanda dokar za ta taɓa lafiyarsa shi aka bari bai san me ke cikinta ba. A Birtaniya har yanzu hukumar Ofcom tana da ikon hukunta tashar da ta karkata a labaranta.