Kicin Ɗinmu: Tsarabar Binegar Daga Ispaniya

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa, ya gida ya iyali? Ƙanen maigidana ne ya dawo daga Ispaniya, cikin tsarabarsa har da wata kwalba mai ruwa launin shayi, an rubuta Vinagre de Jerez a jikinta. Ya ce da shi suke haɗa salati a can. Sai maƙwabciyata ta ce da giya ake yin sa, jikina ya yi sanyi. Shin ya halatta? In ya halatta, yaya zan haɗa shi?
Daga wata mai karatu, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya saka wa mai tsaraba da alheri. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, amma rabin zancen ta faɗa.

Jerez gari ne a kudancin Ispaniya, cikin yankin Andalus. Inabi suke matsewa, galibi irin da ake kira Palomino, ruwan ya zama giya, daga nan kuma ya juye ya koma khal, wato binegar. Sai a zuba shi a gangunan katako ya kwanta aƙalla wata 6. In kin ga Reserva a jikin kwalbar, ya yi shekara 2. Gran Reserva kuwa shekara 10. Katakon nan ne ke ba shi launi da ƙamshin da ba kya ji a farin binegar na kanti.

Khal na tuffa da na dabino duk ta wannan hanya suke bi. Kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Malamai sun haɗu a kan halaccin wanda ya juye da kansa, sun saɓa a kan wanda aka juya da gangan. Sannan dokar masu yin na Jerez ta yarda a sami ɗan ragowar barasa har kashi 3 cikin 100. Don haka ki ɗauki kwalbar ki kai wa malamin da kika amince da shi, ki faɗa masa duk wannan. In zuciyarki ba ta kwanta ba, lemun tsami zai yi miki aikin, haɗin ɗaya ne.

To, ga haɗin. Wannan binegar yana da ƙarfi, tsaminsa ba ya gaza kashi 7 cikin 100, saboda haka cokali 1 ya ishi cokali 4 na mai. Ki sami ƙaramar kwalba mai murfi, irin ta mayonez da ta ƙare, ki wanke ta bushe. Ki fara zuba binegar da ɗan gishiri, ki yanka albasa ƙanana-ƙanana, kamar cokali guda, ki zuba a ciki, ki bar su minti 10. Nan mata da yawa ke yin gaggawa, alhali nan ne sirrin yake: gishiri ba ya narkewa a cikin mai, kuma tsamin ne ke kashe wa albasa yajinta. Za ki ga jar albasar ta ƙara haske, warin nan mai sa hawaye ya tafi. Sai ki sa rabin ƙaramin cokali na mutardi, ɗan masoro, da ɗigon zuma in kina so. Mai ne ƙarshe. Ki rufe ki girgiza sosai har ya yi kauri ya zama abu ɗaya. Mutardin ne ke riƙe su kada su rabu da wuri.

Ana cewa sai man zaitun. Ni dai man gyaɗarmu mai kyau, wanda ba a soya komai da shi ba, ya fi yi mini daɗi da wannan binegar.

Lokacin sanyi, sa'ad da salati da tumatir da karas na lambunan Mirriya da Gidimuni suka cika kasuwar Dole, shi ne lokacin wannan haɗin. Ki wanke ganyen da kyau, ki bar shi ya tsane sarai, don in da ruwa a jikinsa haɗin zamewa yake yi ya taru a gindin faranti. Kada ki zuba sai an zauna za a ci, in ba haka ba ganyen ya yi laushi ya kwanta. Dafaffen dankali da wake kuwa akasin haka ne, da ɗuminsu ake zuba musu don su sha. Ki gwada shi ma a kwaɗon zogale: cokali guda a kan ƙuli-ƙulin, ki rage lemun tsami.

Da zafin garin nan da ɗaukewar wuta, kada ki haɗa da yawa. Na kwana 2 ko 3 a firji ya isa, musamman in kin sa ɗanyar tafarnuwa. Ita kwalbar binegar ba ta buƙatar firji. Ki rufe ta da kyau, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa.