Tambayoyinku Kan Fasaha: Kafin Ku Farke Kyamara Saboda Tsohon Kundi

Tambaya: Na sauke wata manhaja da aka ce tana mayar da kyamarar waya ta infirared. Hotuna suna fitowa ja da shuɗi. Da gaske ne? (Wani matashi daga Gezawa)

Amsa: Ƙanena, fenti kawai ta shafa wa hotonka, sannan ta shanye maka data da talla. Wani ɗan gilashi ne a cikin kyamara yake tare infirared, wato hasken da idon mutum ba ya gani, manhaja kuwa ba ta cire gilashi. Goge ta.

Tambaya: Salamu alaikum. Muna da Alƙur'ani rubutun hannu da wani kundi na kakanmu a gafaka. Ruwan damina ya zubo musu ta rufin soro, wasu shafukan kuma hayaƙi ya dafe su, ba sa karantuwa. Ɗana ya ce a gidajen tarihi ana sauya kyamara ta riƙa ganin rubutun da ya ɓace. Yana da Canon da yake ɗaukar biki da ita, kuma mai gyaran waya a kasuwarmu ya ce zai buɗe ta ya yi aikin. Mun liƙe wuraren da suka yage da salatif, muna kuma shirin kai su a yi musu laminatin. (Wani alaramma daga wani ƙauye kusa da Ringim)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Daga ƙarshen wasiƙar zan fara, don nan ne hankalina ya tashi. Don Allah a bar maganar laminatin ɗin nan. Injin zafi yake sa wa takarda, ya narka gam a jikinta, ya haɗe ta da leda, kuma da wuya a sake raba su ba tare da tawadar ta bi ledar ba. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da ya yi ƙyalli ya tsira. Salatif ma haka: bayan 'yan shekaru gam ɗinsa zai koma ruwan ɗorawa, ya ratsa takardar, ledar ta faɗi ta bar tabo a kan aya. Wanda aka riga aka liƙa a bar shi, kada a ɓanɓare, don da rubutun zai taso. Kada kuma wani ɗalibi mai kyakkyawar niyya ya bi kan haruffan da biro.

To, kyamara. Idon mutum yana ganin haske daga kimanin nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, infirared yana gaba da 700). Sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, tana wuce nan, har wajen 1,100, shi ya sa kamfani yake sa mata gilashin da ke tace rarar don launi ya fito daidai. Sauyawar da ɗanka yake faɗa ita ce a cire wannan gilashin, a sa fari wanda ba ya tare komai, ko a sa mai barin infirared kaɗai, na 720 ko na 850. Kamfanoni irin su LifePixel da Kolari Vision a Amurka sana'arsu ke nan.

Kuma ɗan naka bai yi ƙarya ba. Tun shekarun 1950 aka ɗauki tsofaffin rubuce-rubucen da aka samu a kogunan dutse kusa da Tekun Gishiri a Gabas ta Tsakiya da infirared, haruffa suka fito a kan fatar da ta yi baƙi ƙirin. A ƙarshen shekarun 1960 wani masani ɗan ƙasar Holan, Van Asperen de Boer, ya inganta hanyar har ana ganin zanen farko da mai zane ya yi a ƙarƙashin fenti. Sai dai duk nasarar nan a kan abu guda ta tsaya: gawayi. Gawayi yana shanye infirared ya zauna baƙi, yayin da yawancin tabo da launuka suke dushewa.

Saboda haka abin tambaya a nan, da wace tawada kakanku ya yi rubutu? In ta zuge ce ko ta kunkunniyar tukunya da aka haɗa da ƙaro, madalla, tabon ruwa zai yi haske rubutu ya tsaya. In kuwa irin wadda ake jiƙa bagaruwa da ƙarfe ce, wadda masu rubutun Alƙur'ani a takarda suka fi so don tana kama takarda, to ita infirared dusar da ita yake yi, iya nisan da ka yi cikinsa iya hasken da za ta yi. Tawadar da aka yi da tsiro zalla tun wajen 750 take ɓacewa. Wasullan ja da hamzar ruwan ɗorawa ma galibi ba za ka gan su ba. Ka ga an kashe kuɗi an samo hoton da ya fi na ido muni.

Akwai ƙari. Shafin da hayaƙi ya dafe, shi kansa hayaƙin gawayi ne, don haka baƙi zai fito a kan baƙi. Inda kuma ruwa ya wanke tawadar gawayi tas, kamar yadda ake wanke allo, babu kyamarar da za ta dawo da ita.

Gwajin ba ya buƙatar a kwance ko ƙusa ɗaya. A samu mai shago a gari da yake da kyamarar tsaro ta CCTV. In duhu ya yi za ka ji ta yi ƙas, wato ta janye gilashin nan da kanta ta kunna fitilunta na 850. A ɗora shafi guda a kan kwali mai tsabta, a tsaya da shi kamar taku biyu daga gabanta, a duba allon da ke nuna hoton kyamarar. Hoton ba zai yi kyau ba, amma zai nuna ko tawadar ta tsaya baƙa ko ta dushe. Hanya ta biyu, a ɗaura matatar Hoya R72, gilashi mai barin infirared kaɗai ya wuce, a bakin Canon ɗin yadda take, a kafa ta a kan ƙafarta, a bar ta buɗe na daƙiƙoƙi masu yawa.

Mai gyaran waya kuwa, Allah ya yi wa sana'arsa albarka, amma a bar shi da canjin sikirin da bakin caji. Sensa a zaune take a kan ma'aunin da bai kai kaurin gashi ba, in ta karkata gefe guda na kowane hoto zai riƙa yin dishi-dishi. Ƙurar rumfar kasuwa, balle ta hunturu, in ta maƙale a ƙarƙashin sabon gilashin ta zauna ke nan. A ɓangaren filasha kuma akwai ma'ajiyar wuta mai kusan bolt 300 ko an cire batir. In ma an yi sa'a aikin ya yi, da gilashin 720 ganyen darbejiya fari fat zai fito, amarya da ƙawayenta duk su koɗe, uwar amarya ta zo karɓar kuɗinta. Kada garin neman gira a rasa ido, yaron nan da kyamarar yake ci.

Abin da nake nanata wa kowa shi ne a fara da hasken Allah. Da hantsi, a inuwar zaure, a wanke hannu a bushe, a ɗauki kowane shafi gaba da baya a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, da rula a gefensa da lambar shafi a 'yar takarda, tunda ganyayen a warwatse suke ba ɗinki. A ajiye kwafi uku a wurare daban-daban. Sau da yawa ƙara bambancin haske da duhu a kwamfuta kaɗai yana fito da abin da aka fid da rai da shi. Ku kuma ɗaga shafi ɗaya a haske ta baya: in kun ga jinjirin wata uku a jere, tambarin takardar Italiya ce da ta yawaita a ƙasar nan a ƙarni na 19, a ɗauke shi shi ma. Daga nan a sa kundin a kwali, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da laima, a tafi da hotunan Arewa House a Kaduna ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa a nemi shawara.

Tambaya: Ina rubuta kundin kammala karatu a kan zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Infirared zai fito da su? (Wata ɗaliba daga Birnin Kudu)

Amsa: 'Yar uwa, jan launin ƙasa yakan ƙara dushewa a infirared. Ki ɗauki hoto na yau da kullum lokacin da rana ba ta dukan dutsen, ki sa shi a DStretch, manhajar da aka yi musamman don zanen duwatsu. Kuma duk wanda ya ce ki watsa wa zanen ruwa ko ki zagaye shi da alli don ya fito, ki hana shi.

Tambaya: Na sayi kyamara sauyayya ta hannu, amma da dare hoton baƙi yake fitowa ko na kunna ƙwai huɗu na sola. (Wani mai hoto daga Kazaure)

Amsa: Ko arba'in ka kunna, Malam, ƙwan LED na ɗaki kusan ba ya fitar da infirared. Nemi fitilar CCTV mai 850, ko ƙwan halojin, amma shi yana da zafi, ka nisanta shi da takarda fiye da mita guda ka riƙa kashewa tsakanin ɗauka. Ka saita gani da hannu kana kallon allon bayan kyamarar.

Tambaya: In na tura hotunan takardu ta WhatsApp sai rubutun ya dagule. (Wani malamin firamare daga Bichi)

Amsa: Matse su yake yi. Tura su a matsayin fayil, ta wajen da ake tura takardu.