An tura ni Gadau: in tare da iyali can ko in zauna Azare?

Wani mai karatu daga Bauchi ya rubuto cewa ya samu aiki a jami'ar jiha da ke Gadau, wadda aka kafa a 2011, yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur. Su shida ne a gida. Yana tambaya: ya kama haya a Gadau ko a Azare, kuma janareto zai saya ko sola?

Malam, Allah ya sanya albarka. Kada ka tare da iyali a zangon karatu na farko. Kama ɗaki ɗaya, ka riƙa komawa gida ƙarshen mako har ka ga garin a yanayi biyu. Gidan da ka duba a watan Disamba ba shi ne gidan ba. A Afrilu ake gane ko rijiya tana ƙafewa, a Agusta kuma ake gane inda ruwa ke kwanciya, don yankin Itas/Gadau ƙasar fadama ce, ambaliya ba baƙuwa ba ce. In ba za ka iya jira ba, duba gindin katanga daga waje. In ka ga wani layi mai duhu ya zagaye ta, siminti yana marmashewa a ƙasansa, ruwa ya taɓa tsayawa a nan, ko me dillali ya ce.

Mai yara 'yan makaranta, ko wanda ke da mai ciwon da ake yawan kaiwa asibiti, Azare ta fi masa: can ne babban asibitin tarayya yake, ga kasuwa, ga bankuna. Amma ka lissafa kuɗin mai na zuwa da dawowa kwana 22 a wata, ka ɗora a kan haya, sannan ka kwatanta. Sau da yawa a nan arahar Gadau take fitowa.

Kafin ka ba da ko kwabo, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, zai fi kyau da sanin mai unguwa. A rubuta wanda zai gyara rufi, wanda zai kwashe masai, da bashin wutan da ke kan gidan. Sau da yawa bashin kamfanin wuta na JED a kan gidan ake tarar da shi bayan mai haya ya tashi. Ruwa kuwa, mutum shida a kan lita 40 kowanne lita 240 ke nan a rana, tanki mai lita 1,000 kwana huɗu kawai zai yi muku. Sayi biyu in da hali.

Sola za ka saya. Inbata (na'urar da ke mayar da cajin batir wutar gida) mai 1kVA, batirin ruwa ɗaya mai 200Ah da farantin sola biyu masu wat 300 za su riƙe ƙwai biyar, fanka biyu, talabijin da cajin kwamfuta. Rabin cajin batirin ruwa kawai ake amfani da shi. In ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare ba zai yi nisa ba. Dutsen guga da hita kowanne yakan ja wat 1,000 ko fiye, su ne ke kashe shi. Ka riƙa duba ruwansa duk wata a lokacin zafi, ruwan batir za ka ƙara, ba na rijiya ba. Da hunturu kuma a goge faranti da sassafe, ƙura tana rage caji sosai. In da firiza a lissafi, sai batir biyu da faranti huɗu.

Sauran kuma halin gari ne. Kwana uku ya isa mai shayin bakin tasha ya san motarka, sashen da kake aiki, da ranar da albashi ya shiga. Ka kai gaisuwa wurin mai unguwa da limamin masallacin layinku a makon farko. Wanda ya tsallake wannan, ranar da ya nemi mai gyaran famfo zai gane. Yaranka za su dawo da Hausar Guddiri a baki, kada ka ce za ka gyara musu. Garin ma ya saba da baƙi masu littafi: tun zamanin Turawa aka yi tashar binciken ƙudan tsando da ciwon barci a Gadau.

Wata baiwar Allah daga Misau kuma tana son buɗe wurin abinci kusa da ƙofar makarantar, tana tambaya ko ta biya hayar shago ta shekara biyu don a rage mata.

Hajiya, shekara ɗaya ta isa. Cinikin garin ɗalibai kalandar makaranta yake bi: ana hutu layin ya zama kufai. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 wata takwas ya yi, na 2020 wata tara, haya kuwa ba ta yajin aiki. Ki ware kuɗin wata uku a gefe, kada ki jibge kayan miya ana saura mako biyu a gama jarabawa. Littafin bashi kuma ki rufe shi ranar da aka fara rubuta takardar farko, don ɗalibin da ya ɗauki jakarsa ya hau mota sai wani zangon, in ma ba shekararsa ta ƙarshe ba ce.