Manhajar duba kwamfutar shago daga nesa: in cire ko in bari?

Tambaya: Ina sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Yaron da ke mana gyaran kwamfuta ya saka AnyDesk a kwamfutar lissafi don in riƙa duba ciniki idan na tafi Dubai saro kaya, shi ma ya riƙa gyara daga gida. An ce min ɓarayi na shigowa ta nan. In cire ne, ko akwai abin da zan kashe kuɗi a kai?

Amsa: Alhaji, kada ka cire, tana maka aiki. Amma ka ɗauke ta kamar mukullin shago na biyu, ka san hannun mutum nawa yake.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne shigar yaron daga gida. Ba zarginsa nake yi ba, mai yiwuwa amintacce ne. Sai dai masu gyara da yawa kalmar sirri ɗaya suke saka wa duk shagunan da suke yi wa aiki, kuma a wayarsu take ajiye. Ranar da aka sace wayar, kai ma an shiga naka. Manyan kamfanoni ma ta nan aka ci su. A 2013 an sace bayanan katunan banki kusan miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka, ta hanyar shigar da aka ba ɗan kwangilar na'urar sanyaya ɗaki. A watan Mayun 2021 kuma kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya dakatar da tura mai na kwanaki har gidajen mai suka ƙafe a kudu maso gabashin ƙasar. Masu kutse sun shiga ne ta wani tsohon asusun VPN, wato hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa, da aka manta ba a rufe ba, kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Sai da suka biya fansar kusan dala miliyan 4.4.

To ka kira yaron, ku zauna gaban kwamfutar. Kai da hannunka za ka canza kalmar sirrin shiga kai-tsaye, mai tsawo, ba lambar wayarka ko sunan ɗanka ba. Ya kunna maka tabbaci mai mataki biyu, wato lambar da ke fitowa a wayarka, ya kuma taƙaita shiga ga na'urarka da tasa kaɗai. Shi kuwa idan gyara ya taso ya kira, yaron shago ya danna amincewa, ya tsaya yana kallon allon har a gama. Duk wanda ya bar aiki, a canza kalmar a ranar.

Batun kuɗi: AnyDesk ta kyauta an yi ta ne don amfanin kai, ɗan kasuwa lasisi ya kamata ya saya, kuma ka guji ta satar fasaha ko da an ce ta fi araha. A Fabrairun 2024 AnyDesk da kansu sun sanar cewa an yi musu kutse, suka ce kowa ya koma sabon samfuri, don haka a duba ko an sabunta taka. Ka sayi faifan ajiya na waje, a kwafe lissafi duk mako, a zare shi a sa a durowa.

Harkar banki kuma ka raba ta da wannan kwamfutar gaba ɗaya. Duk wanda ya bugo ya ce daga banki yake, a saka AnyDesk ko makamanciyarta TeamViewer zai gyara asusu, ɓarawo ne. Ka gaya wa akawunka da yaran shago haka, su katse kiran su sanar da kai.