Naushi da kokawa a wasan D&D

Ɗan'uwa, ka ce a majalisarku ta Jidda an yi musu kan yadda za a lissafa faɗa idan jarumi ba shi da makami.

A Dungeons & Dragons bugun 2014, wato wasan tebur da kowa ke taka rawar jarumi ana jefa ɗan lido, naushi maki 1 yake ci daga makin ran abokin karawa, a ƙara masa makin da ƙarfin mai naushin ke bayarwa. Ƙaramin abu ne, kuma ni na yarda da hakan, don in hannu ya kai takobi, wa zai sayi takobi?

Inda daɗin yake shi ne kokawa. Wanda ya kama da wanda aka kama kowa ya jefa ɗan lido mai fuska 20, a haɗa da gwanintarsa. Mai kamun ya rinjaya, abokin karawarsa ba ya motsi daga wurin. Ya kayar da shi ƙasa kuma, duk na kusa da shi sai ya jefa sau biyu ya ɗauki mafi girma wajen kai masa duka.

Shawarata, ku ari dokar dambe: faɗan da ba na gaba ba, wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi, a tashi. In ba haka ba, ku kwana kuna jifa har kiran Asuba.